Ɗigo biyu a bakin zaure

Aikina rigakafi ne. Tun kafin a fara kiran maganin polio da sunan maganin hana haihuwa muke ɗaukar akwatin sanyi muna bin lungunan Kano, kuma har yau ba mu ajiye ba. Wannan shaida ce a kan abin da ake faɗa mana a bakin zaure da abin da ke ƙarƙashin maganar, domin na ga ana yawan cewa wai addini ne ya hana mutanenmu karɓar rigakafi. Wanda ya yi aikin da ƙafarsa ya san cewa addini riga ce da ƙin yakan sa. Jikin da ke cikin rigar kuwa rashin yarda ne da hukuma, kuma rashin yardar yana da tarihinsa.

Bari in fara da yadda aikin yake, don da yawa suna jin sunansa ne kawai. Mutane na cewa allurar polio, alhali wanda muke kaiwa gida-gida ba allura ba ce, ɗigo biyu ne a baki ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba. Ƙaramar tawaga ke fita: mai ɗigawa, mai rubutu, da wakilin mai unguwa wanda ya san gidajen. Mata ne ke shiga ciki, saboda gidan da aka rubuta ba shiga namiji ba ya ƙetare zaurensa. A akwatin akwai ƙanƙara guda 4 a cikin robobinta, kwalba ɗaya kuma ta yara 20 ce. A jikin kowace kwalba akwai wata alama, ɗan murabba'i a tsakiyar da'ira. In murabba'in ya fi da'irar haske, magani na da rai. In launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya kashe shi, ko da kwanan watansa bai ƙare ba, kuma ɗiga shi daidai yake da ɗiga ruwa. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa, ƙanƙarar kan narke kafin azahar, shi ya sa ake son a fita da sassafe, a riƙa rufe akwatin bayan kowane gida, kada a riƙe kwalba a tafin hannu ana tafiya. In yaro ya tofar ko ya yi amai nan take, a sake ɗiga masa. Sannan a shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, a rubuta alama da alli a jikin bango, wadda ke nuna ranar zuwa da yawan yaran da aka samu da waɗanda ba a samu ba.

Ƙin karɓa ba kasafai yake zuwa da faɗa ba. Uwargida za ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, maigidan ba ya nan, bai kuwa bar mana izini ba." Wata ta ce yaran sun tafi makarantar allo, kana jin motsinsu a ɗaki. Mafi haɗari ita ce wadda za ta ce, "Don Allah shafa masa tawadar kawai, kada a dawo mana gobe." Ma'aikaciyar da ta gaji, ga rana, ga kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba, ga an ce sai ta cika adadi, takan yarda. Wata ma takan zubar da maganin ta cike takarda. A rahoto unguwa ta yi kashi 95 cikin 100, a zahiri kuwa akwai layi guda da ba yaron da ya sha. A irin layin nan cutar ke fakewa. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata da masu sa mana ido, ba na malamai ba, kuma dole a faɗe shi.

Duk wanda zai yi maganar rashin yarda a Kano, daga 1996 zai faro. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a Najeriya. Ana tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, aka ba wasu Trovan, wasu wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma ba shi da haɗi da polio ta kowace fuska. Amma dattijon da ya san gidan da aka yi rashin, ba za ka ce masa Bature bai taɓa cutar da kowa da magani ba. In ya kawo maganar, abin da ya dace a ce masa shi ne, "Gaskiya ne Baba, an yi haka, kuma ba daidai ba ne." Daga nan ne kawai zai saurari bambancin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba ka da hurumin yi masa dariya.

Sai 2003, shekarar da abubuwa suka haɗu. A watan Maris Amurka ta afka wa Iraƙi, bayan ta riga ta shiga Afganistan, mutane na jin labarin kullum a rediyo. A watan Afrilu aka yi zaɓe, Obasanjo ya koma kujera, Kano kuwa Buhari ta zaɓa, ta kuma ɗora Malam Ibrahim Shekarau a gwamna. Rigimar shari'a tsakanin jihohin Arewa da gwamnatin tarayya ba ta huce ba. Manya kuma ba su manta da tsarin ƙayyade iyali na zamanin Babangida ba, wanda ya ce 'ya'ya 4 ga kowace mace. A ƙasar da yawan jama'a shi ne ƙuri'a, shi ne kason arziki, duk maganar rage haihuwa maganar siyasa ce. A cikin wannan yanayi Dakta Datti Ahmad, likita kuma shugaban majalisar ƙoli ta harkokin shari'a a Najeriya, ya fito ya ce an gurɓata maganin polio da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ba malamin zaure ba ne ya faɗa, likita ne, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Sauran suka dawo da wuri, Kano ta yi kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 ta yarda.

An yi ta kafa kwamitoci ana kai maganin gwaji ciki da wajen ƙasa. Wani gwajin ya ce ya ga burbushin sinadarin halittar mata, masana suka ce ko da akwai shi, adadin bai kai abin da ke cikin nonon uwa ba, balle ya hana haihuwa. Amma ba wannan bayanin ne ya kashe wutar ba. Abin da ya kashe ta shi ne sayo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar Musulmi, da kuma ganin gwamna ya miƙa 'yarsa an ɗiga mata a bainar jama'a. Maganin Indunusiya da wanda aka ƙi duk tsari ɗaya ne, ƙwayar polio ce da aka raunana. Abin da ya canza shi ne hannun da ya miƙo. Kafin nan kuwa ɓarna ta riga ta auku: ƙwayar cutar ta fita daga Arewacin Najeriya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Nijar da Chadi da Sudan, ta kai Yaman, ta kai ita kanta Indunusiya a 2005. A 2006 yara sama da 1,100 suka shanye a Najeriya. Yaran nan yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu muna ganinsu a kan keken guragu a bakin danja.

To ina addinin yake a ciki? Yana nan, amma ba inda ake zato ba. Akwai tsohuwar fahimta wadda sunan cutar ma ya ɗauko: shan-inna, wato Inna, aljanar da ake cewa ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya ɗauka haka, wurin mai magani zai nufa da turare da rubutu, ba asibiti ba, kuma ɗigon da ake cewa yana kashe ƙwayar cuta ba shi da ma'ana a wurinsa. Wannan al'ada ce, ba karantarwar Musulunci ba. Akwai kuma masu cewa, "Lafiyarsa ƙalau, don me za a ba shi magani? Allah ne ke tsarewa." Wannan ita ce maganar da ta fi yawa, kuma amsarta na cikin littattafan da malaman nan suke karantarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta sauka kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Sai dai ba ma'aikaciyar lafiya ce za ta tsaya a zaure tana ja wa malami hadisi ba, yin haka raini ne kuma ƙofar za ta ƙara rufuwa. Abin da ke aiki shi ne a rubuta gidan a jerin waɗanda suka ƙi, a kai wa taron bitar yamma, washegari a dawo da limamin unguwa ko wani malami na ɓangarensu, ɗan Izala ga ɗan Izala, ɗan ɗariƙa ga ɗan ɗariƙa. Shi zai ce, "Allah gafarta Malam, nawa jikokin ma sun sha." Kalma ɗaya daga bakinsa ta fi takardunmu goma.

Akwai hujjar da ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba: Makka. Saudiyya na wajabta wa alhazan Najeriya allurar sanƙarau da ɗigon polio, babba da yaro. Alhajin da ya hana a ɗiga wa 'ya'yansa ya buɗe baki an ɗiga masa kafin ya shiga ƙasa mai tsarki, ya dawo ya ci gaba da haihuwa. In aka tuna masa cikin ladabi, yakan yi shiru ya ce a fito da yaran.

Tambayar da ta fi ba mu wahala kuwa ba ta addini ba ce ko kaɗan. Magidanci zai ce, "Hajiya, zazzaɓin cizon sauro ya kashe min yaro, na je asibiti an ce in sayo magani, ba ni da kuɗi. Ƙyanda ta shigo unguwar nan ba wanda ya leƙo. Wannan ɗin da ban taɓa ganin ya kashe kowa ba, shi ne kuke biyo ni da shi har ɗaki, kyauta, sau shida a shekara. Me ke ciki?" Tambaya ce ta mai hankali. Amsarta ta fuskar ilimi tana nan: ƙwayar polio ta kashi take fita ta shiga ruwa da abinci, a cikin yara kusan 200 da suka kamu ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba alama, saboda haka gurgu ɗaya na nufin ta riga ta cika unguwa. In ta shanye ƙafa ba magani. Ana maimaita ɗigon ne saboda a inda gudawa da rashin abinci mai gina jiki suka yi yawa, hanjin yaro ba ya kama maganin a karo ɗaya ko biyu. Ana kuma ba ta muhimmanci ne don tana cikin 'yan cututtukan da za a iya shafewa daga duniya, kamar yadda aka shafe agana. Amma ta fuskar adalci mutumin yana da gaskiya. Shi ya sa daga 2006 aka fara haɗa aikin da sabulu da alewa da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, daga baya aka riƙa kafa rumfar duba marasa lafiya a unguwa, a auna zazzaɓi, a ba da magani kyauta. Duk inda aka kafa rumfar, uwayen da suka ɓoye yara jiya su ne ke kawo su da kansu.

Wasu unguwannin ma sun gane cewa wannan ɗigo shi ne abu guda da gwamnati ke nema a hannunsu. Sai su haɗa baki su ce ba yaron da zai sha sai an gyara musu taransifoma, ko an haƙa rijiyar burtsatse, ko an yashe magudanar ruwa. Ba su ce haramun ne ba, ba su ce guba ce ba. Ciniki suke da hukumar da ba ta zuwa sai lokacin zaɓe da lokacin polio. Kawo 'yan sanda a kama maigida yakan sa a ɗiga wa yaran ranar, amma zagaye na gaba za ka tarar an kai su ƙauye tun da asuba.

Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan polio 9 a wurare biyu a Kano, yawancinsu mata, suna shirin fita aiki. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi wani shiri a rediyo da ya sake tayar da tsohuwar maganar makirci. A 2011 kuma asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da rigakafin bogi na ciwon hanta a Pakistan wajen neman Usama bin Laden, abin da ya jefa kowace mai ɗaukar akwatin sanyi a duniyar Musulmi cikin zargi. Allah ya jiƙan matan nan. Abin da ya ceci aikin shi ne shigowar sarakuna tun 2009, lokacin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, umarni ya riƙa saukowa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, da kuma ɗaukar matan unguwa su zama masu wayar da kai, waɗanda ke zuwa suna da barka, sun san kowace mai jego. Kano ta ga yaronta na ƙarshe da polion daji, wato asalin ƙwayar cutar ba wadda ta fito daga ɗigo ba, ya shanye a 2014 a Sumaila, Najeriya ta ga nata a Borno a 2016, inda rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Amma har yanzu ana fita, saboda raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, in ta daɗe tana yawo a tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, takan rikiɗe ta sake iya shanye ƙafa. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Yaron da ya sha ba shi take kamawa ba, maƙwabcinsa da aka ɓoye take kamawa.

Da korona ta zo, tsohon miki ne aka fama. An tabbatar da ita a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, aka rufe gari ana shirin azumi, aka hana Juma'a da tarawihi, aka rufe kasuwa ga mutanen da sai sun fita suke ci. Matasa suka riƙa rera "babu korona" a titi. Hujjarsu ita ce sun ga manya take kamawa, har shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Abba Kyari ta kashe, sai aka ce ciwon masu hawa jirgi ne, wasu suka ce hanyar cin kuɗi ce kawai. A daidai lokacin masu haƙar kabari ke cewa ba su taɓa ganin yawan gawa irin haka ba, dattawa da malamai da 'yan boko suna ta tafiya a jere. Daga baya ministan lafiya ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Da yawansu ba ita kaɗai ta kashe su ba, masu hawan jini da ciwon suga sun rasa inda za su je saboda asibitoci sun daina karɓar marasa lafiya don tsoro. A watan Oktoba kuma aka fasa rumbuna a jihohi da dama aka ga kayan tallafin korona jibge ba a raba ba. Bayan wannan, wa zai gaya wa talaka cewa hukuma ta damu da numfashinsa?

Kuma kada a ce halin Musulmi ne ko na Bahaushe. A Kudu wasu majami'u sun ce allurar korona hatimin 666 ce, wasu suka danganta cutar da turakun sadarwa na 5G. A 2017 iyaye a jihohin Ibo sun ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu saboda jita-jitar cewa sojoji na yi wa yara allurar ƙyandar biri, a lokacin da yankin ke takun-saƙa da gwamnatin tarayya. Kowa da harshen da yake fassara tsoronsa. Allurar korona ta iso a watan Maris 2021, aka yi ta zama da kwalabe ba masu zuwa, kwalbar AstraZeneca kuwa ta mutum 10 ce, in an buɗe sai a zubar bayan awa 6. Amma da Saudiyya ta sa ta cikin sharuɗɗan Hajjin 2022, layi ya cika.

Kuɗin wannan rashin yarda yara ne ke biya, kuma mashaƙo ya nuna mana. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ɗauke da shi: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wata farar fata mai toka-toka da ke toshe hanyar numfashi. Yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ta jarirai ba, alhali rigakafinsa na cikin allura mai kariya biyar da ake yi a cinya a sati 6 da 10 da 14, wadda ke tsare mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. A nan ma ba fatawa ce ke korar uwaye ba. Allurar nan takan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. In ba a gaya wa uwa tun a asibiti ba, jariri ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba, shi ke nan an rasa ta biyu da ta uku. Minti ɗaya ya isa a ce mata, "Maman jariri, zai yi ɗan zazzaɓi, ki ci gaba da ba shi nono, ki sa tsumma mai sanyi a wurin, kada ki murza, in ya wuce kwana biyu ko ya ƙi kama nono ki dawo da shi." Haka allurar ƙyanda ta wata 9: kwalbarta ta yara 10 ce, in an haɗa ta da ruwanta awa 6 take yi, sai ma'aikaci ya ƙi buɗewa don yara uku, ya ce a dawo wani satin. Matar da ta biya kuɗin adaidaita ta nemi izini da ƙyar ba za ta dawo ba. Ƙa'ida ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Ita kuma mai kariya biyar ɗin, saɓanin ɗigon polio, daskarewa ke kashe ta, dole ta zauna tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi na Salshiyos, kada ta jingina da ƙanƙarar da aka ciro daga firiza kai tsaye.

Yaron da ya tsallake allura ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, ko da wata nawa ya wuce, kuma ɓatan kati ba dalilin korar uwa ba ne, a duba rajista ko a duba tabon allurar tarin fuka a dantsensa na hagu. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai rahoto asibiti mafi kusa a ranar, kafin a tafi wurin mai magani. Za a ɗauki kashinsa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar ciwon, a sa a akwatin sanyi a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri.